Sai Bango Ya Tsage: Tarihin Bairos, Windows Da Linux, Daga Lahor Zuwa Jidda

 Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin ƙwayar cutar kwamfuta, wadda dukkanmu muka fi sani da bairos. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa wata gardama ce da ta kaure a ofishin Babanmu a nan Jidda, lokacin da na dawo hutu daga makaranta a Malesiya.

Sana'ar Baba aika kaya ce, na alhazai da na 'yan kasuwa, zuwa Kano da Yamai. Kwamfutar ofishin ta tsufa, sai ka haɗa shayi ka shanye ba ta gama buɗewa ba. Ɗan kawuna, wanda bai daɗe da jin sunan Linux ba, ya ce: "Baba, a goge ta a sa Linux kawai, ita bairos ba ya kama ta, halas." Yayana ya ce: "Kai dai ka cika son sabon abu. Manhajar da kowa ke iya ganin cikinta, ai ɓarawo ma yana gani. Wa ke manna taswirar gidansa a bakin titi?" Baba ya ɗaga tsohon littafinsa na lissafi mai baƙin bango ya ce: "Ni dai ku bar min wannan." Daga nan ido ya dawo kaina, tunda ni ne aka biya wa kuɗin karatun kwamfuta. Na ce kowa a cikinsu yana da rabin gaskiya. Suka ce na yi siyasa. To ga cikakkiyar amsar, kuma tarihi ne zai ba da ita.

Mene ne bambancin tun farko?

Kowace kwamfuta, har wayar da ke hannunka, tana da babbar manhaja. Ita ce uwar gida: ita ke raba wa sauran manhajoji wurin zama, ita ke cewa wane zai buɗe wane ɗaki, wane ba zai buɗe ba. Windows babbar manhaja ce, Linux ma haka. Bambancinsu kamar na masu tsire biyu ne. Ɗaya zai sayar maka da yajin amma ba zai taɓa gaya maka haɗinsa ba, wannan ita ce rufaffiyar manhaja, irin Windows. Ɗayan zai ba ka yajin ya ba ka haɗin a rubuce, ya ce in ka ga gyara ka gyara, in kana so ka koya wa wani. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, irin Linux.

Shi kuwa bairos suna ne da muke jibga wa duk wata muguwar manhaja. Akwai mai maƙalewa jikin wani fayil, akwai mai rarrafe da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta wadda ake kira tsutsa, akwai mai kulle maka bayanai ta ce sai ka biya, akwai wadda aikinta gogewa kawai. Dukkansu abu ɗaya suke nema: ɓaraka. Ko dai kuskure a rubutun manhajar, ko kuma kuskure a halin mai amfani da ita. In an gano kuskuren rubutu, masu manhajar sai su fitar da faci, kamar dai yadda mai faci ke yi wa taya. Riƙe wannan kalma ta faci, mai karatu, za ta yi ta dawowa.

Lahor 1986, Amurka 1988

Bairos na farko da ya bazu a ƙananan kwamfutoci irin na IBM ba daga Amurka ya fito ba. Wasu 'yan uwa biyu ne a birnin Lahor na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi a 1986, ana kiransa Brain. Ta faifan fulofi yake yawo. Abin dariya, a cikinsa suka rubuta sunayensu da adireshin shagonsu da lambar waya. Sun ce manufarsu su tsorata masu kwafar manhajarsu ba izini. Sai ga kira yana shigo musu daga ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba.

Shekara biyu bayan haka, ranar 2 ga Nuwamba 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell mai suna Robert Morris ya saki wata tsutsa a intanet. An ƙiyasta ta kwantar da kwamfutoci kusan 6,000, a lokacin da duk waɗanda ke haɗe ba su wuce kimanin 60,000 ba. Kwamfutocin nan Unix suke amfani da ita, wato babbar manhajar da Linux ta kwaikwayi tsarinta daga baya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da tsutsar ta bi kuwa ita ce cankar kalmar sirri mai sauƙi. Ka ji fa. Tun kafin a haifi Linux, danginta sun sha kashi, kuma ta ƙofar da mutane suka bari a buɗe.

Ita Linux a 1991 ta zo. Linus Torvalds, ɗan shekara 21 yana karatu a Jami'ar Helsinki, ya rubuta zuciyarta ya sake ta ga duniya, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya fara a 1983. A 1997 Eric Raymond ya yaɗa hujjar da masoya buɗaɗɗiyar manhaja suka riƙe har yau, cewa idan masu duba rubutu suna da yawa, kuskure ba ya daɗewa a ɓoye. Da Bahaushe ne da ya taƙaita ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Zamanin shagon intanet da fulash

A 1999 aka buɗe intanet ga jama'a a Saudiyya. Yayyinmu ne suka ga wannan zamani, zamanin biyan kuɗin awa a shagon intanet da hira a MSN. Kuma shi ne zamanin da Windows ta fi shan wahala. A watan Mayu na 2000 wani saƙon imel mai taken ILOVEYOU ya fito daga Manila, wanda duk ya buɗe abin da ke maƙale da shi sai ya aika kansa ga duk mutanen da ke cikin adireshinsa, miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin 'yan kwanaki. A Agusta 2003 Blaster ta zo, a 2004 Sasser ta biyo, wadda wani matashi ɗan Jamus ya rubuta, a Nuwamba 2008 kuma Conficker. Ukun nan na ƙarshe akwai abin da ya haɗa su: kafin kowaccensu ta ɓulla, Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar da ta bi. Mutane ne ba su sa ba.

Mu ma namu ya same mu a 2009, shekarar ambaliyar Jidda. Ina ɗan shekara shida, don haka labarin daga bakin Yaya na ji shi. Manhajar kwamfutar ofis kwafi ce ta kasuwa, ta 'yan riyal kaɗan, kuma an kashe mata hanyar karɓar faci don kada a gane kwafi ce. Kowa ya zo da fulash ɗinsa zai buga takarda sai a soka masa. Ana tsakiyar karɓar kayan alhazai bayan an sauko daga Arfa, wata safiya kwamfuta ta ƙi tashi. Sunayen masu kaya, nauyin kowane ƙunshi, wanda ya biya da wanda ake bi, duk suka tafi. Wata uku Baba da Yaya suna bin rasiɗai ɗaya bayan ɗaya, inda ba a samu shaida ba Baba ya biya daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Tun daga ranar littafin nan mai baƙin bango ya dawo kan tebur, bai sake sauka ba.

A waɗannan shekaru masu Linux suna gefe suna dariya, kuma suna da dalili. Na farko, masu amfani da ita a gida da ofis kaɗan ne, ɓarawo kuwa kasuwa mai cika yake zuwa. Na biyu, a Linux mai amfani na yau da kullum ba shi da ikon taɓa zuciyar manhaja sai ya nemi izini na musamman, alhali a Windows XP yawancin mutane da cikakken iko suke zama, duk abin da suka buɗe shi ma ya gaji wannan iko. Na uku, mai Linux daga rumbun da masu manhajar ke kula da shi yake ɗauko abin da yake so, ba daga faifan kasuwa ba. Na huɗu, Linux iri-iri ce, Debian daban, Red Hat daban, abin da ya kama wannan ba lallai ya kama waccan ba. Duk da haka ba a ce ba ta taɓa kamuwa ba. An rubuta mata Staog a 1996, da Bliss a 1997, a Satumba 2002 kuma tsutsar Slapper ta shiga dubban uwayen garke, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Shi ma Microsoft bai zauna ba. A Janairu 2002 Bill Gates ya umarci ma'aikatansa su fifita tsaro a kan sababbin kwalliya, a 2004 aka kunna wa XP katangar tsaro tun daga tushe, a 2007 Vista ta zo da tsarin neman izini kafin a yi babban canji.

27 ga Ramadan, 1433

Yanzu mu dawo gida. Ranar Laraba 15 ga Agusta 2012, wadda ta yi daidai da 27 ga Ramadan, yawancin ma'aikatan Saudi Aramco suna hutu. Da hantsi, kwamfutocin kamfanin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin da kansa ya ce kimanin 30,000 ne abin ya shafa. Muguwar manhajar, wadda aka sa wa suna Shamoon, ba sata ta zo yi ba. Tana bin kwamfutocin Windows da ke haɗe a cikin kamfanin, ta goge fayiloli ta maye gurbinsu da guntun hoton tutar Amurka tana ci da wuta, sannan ta lalata wurin da kwamfuta ke karantawa kafin ta tashi. Ba a yi sati uku ba kamfanin gas na RasGas a Katar ya gamu da irin wannan. Jami'an Amurka sun nuna Iran da yatsa, Iran ta musanta.

Chris Kubecka, ƙwararriyar da aka ɗauko don taimakawa wajen gyara, ta ba da labari daga baya cewa ta wani saƙon yaudara da wani ma'aikaci ya latsa aka samu shiga. Ta ce kamfanin ya koma aiki da takarda da tafireta da na'urar faks, ya kuma sayi ma'adanan kwamfuta kusan 50,000 a lokaci guda. Haƙar mai ba ta tsaya ba, domin na'urorin da ke kula da ita a ware suke, ba a haɗe da kwamfutocin ofis ba. Ina ɗan shekara tara a lokacin, abin da kawai na riƙe shi ne Baba yana dariya bayan Sallah yana cewa: "Kun gani ko? Har Aramco ta shigo makarantata."

Shamoon ta dawo ranar Alhamis 17 ga Nuwamba 2016 da dare, bayan an tashi daga aiki an shiga hutun ƙarshen mako. Wannan karon hoton da ta bari na Alan Kurdi ne, yaron nan ɗan Siriya da teku ta turo gawarsa gaɓar Turkiyya a 2015. Cikin waɗanda rahotanni suka ambata har da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wadda filin jirgin Sarki Abdul'aziz na nan Jidda ke ƙarƙashin kulawarta, kodayake tashi da saukar jirage ba su tsaya ba. Masu bincike da suka warware manhajar sun tarar da sunaye da kalmomin sirri na ma'aikata a rubuce a cikinta. Wato an riga an sace mabuɗin tun kafin a zo. A Janairu 2017 ta sake bugawa, a ƙarshen Oktoba na wannan shekara Saudiyya ta kafa hukumar tsaron intanet ta ƙasa.

To a nan ɗan kawuna zai ce: ka gani, duk Windows ce. Gaskiya ne. Amma wanda ya shigo da mabuɗin mai gida, ba ruwansa da irin ƙofar. Da Linux ce a kan kwamfutocin nan, kuma maharan suna riƙe da kalmar sirrin babban mai kula, goge ma'adana ba zai gagare su ba. Darasin Shamoon shi ne haɗarin dubban kwamfutoci iri ɗaya, a haɗe wuri ɗaya, mabuɗi ɗaya yana buɗe su duka.

Rabig, 2017

Shi kuma Yaya, mai cewa ɓoye taswirar gida shi ne tsaro, amsarsa tana kan hanyar Yanbu, kimanin kilomita 150 arewa da Jidda. A 2017 wata matatar sinadarai a Saudiyya ta tsaya cak sau biyu, a watan Yuni da kuma Agusta. Daga baya manema labarai suka ce ta Petro Rabigh ce. Da aka bincika sai aka tarar da wata muguwar manhaja, wadda aka sa wa suna Triton, a cikin na'urorin Triconex na kamfanin Schneider Electric. Aikin waɗannan na'urori shi ne su kashe injina idan zafi ko matsin iska ya wuce kima, don kada wuri ya fashe da mutane a ciki. Manhajar na'urorin rufaffiya ce ruf, ba a taɓa wallafa yadda suke magana da juna ba. Maharan suka zauna suka warware ta da kansu. Kuskuren da suka yi a nasu rubutun ne ya sa matatar ta tsaya har aka farga. An kuma ruwaito cewa wani mabuɗi na hannu da ke jikin na'urar an bar shi a matsayin da ke ba da damar canja mata umarni. A 2020 Amurka ta ƙaƙaba wa wata cibiyar bincike ta gwamnatin Rasha takunkumi a kan wannan hari.

Ka ga ke nan ɓoyewa ba ta hana mai kuɗi da lokaci ganin cikin abu. Mutanen kirki kawai take hanawa.

Ita ma Linux da nata tabon

Yau Linux ba 'yar gefe ba ce. A kanta aka gina Android. Mafi yawan shafukan da kake buɗewa a kanta suke zaune. Tun Nuwamba 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki, kuma a Thuwal, nan kusa da mu, Jami'ar KAUST tana da irinsu: Shaheen II ta zo ta bakwai a duniya a 2015. Da kasuwa ta cika, ɓarayi suka iso.

A 2006 wani mai aikin sa kai a Debian ya cire wasu layuka daga OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin abin da kake aikawa a intanet, da niyyar gyara. Sakamakon haka mabuɗan sirrin da kwamfutocin Debian da Ubuntu ke ƙerawa suka koma 'yan kaɗan, kusan 32,000 kacal, waɗanda ɓarawo zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Sai a Mayu 2008 aka lura. A Afrilu 2014 aka bayyana Heartbleed, wata ɓaraka a OpenSSL ɗin dai, wadda ke ba baƙo damar tsintar kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar uwar garke. Shekara biyu tana nan a fili, ta shafi shafuka kusan rabin miliyan. Abin da ya fi ba mutane kunya shi ne da aka waiwaya aka ga manhajar da bankuna da manyan kamfanonin duniya suka dogara da ita, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne ke aikinta cikakken lokaci. A Satumba na wannan shekara aka gano Shellshock a cikin Bash, kuskuren da ke kwance tun 1989. Shekara 25 rubutun yana buɗe, kowa na iya karantawa, kowa yana zaton wani ya karanta.

Sai Mirai a 2016. Wasu matasa 'yan Amurka ne suka rubuta ta, tana bin kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet masu ɗauke da Linux, tana gwada musu kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta, waɗanda ba wanda ya damu ya canja. Da ta tara dubban ɗaruruwa, ranar 21 ga Oktoba aka tura su kan kamfanin Dyn, Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. A wannan shekarar wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da irinta ya durƙusar da kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, aka ɗaure shi a 2019. Dabarar da Morris ya yi amfani da ita a 1988, ita ce dai ta ci bayan shekara 28.

Rabin daƙiƙa

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil don ya rage girma, kusan kowace Linux tana ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita kyauta, har ya gaji. Tun 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, yana taimakawa, wasu sunaye kuma suna matsa wa mai manhajar lamba cewa ya yi jinkiri, ya ba wani dama. A hankali aka miƙa masa amana. A farkon 2024 ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa wadda da ta yaɗu, da mai mabuɗinta ya shiga uwayen garke ba adadi a duniya.

Wanda ya kama shi wani injiniya ne, Andres Freund, kuma abin mamaki a Microsoft yake aiki. Yana gwajin wani abu daban sai ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Maimakon ya share, sai ya bi sawu har ya isa ga xz. Ranar 29 ga Maris ya sanar, cikin 'yan awoyi aka janye gurɓataccen zubin, tun bai kai ga manyan fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat ba.

Duba abin da kyau, mai karatu. Buɗewar ce ta ba Jia Tan hanyar shiga, kuma buɗewar ce ta ba Freund damar bin sawu ba tare da neman izinin kowa ba. Kwatanta da SolarWinds, rufaffiyar manhaja, wadda aka dasa wa irin wannan ƙofa aka raba wa abokan ciniki kusan 18,000, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, aka yi watanni kafin a gano a Disamba 2020. Sannan ka tuna WannaCry ta Mayu 2017, wadda ta shiga ƙasashe kusan 150 ta tsayar da asibitoci a Ingila, alhali facinta ya fito tun Maris.

To wa ya yi gaskiya?

Ni kaina sai da na ɗanɗana. A shekarata ta farko a jami'a na yi hayar wata 'yar uwar garke na sa mata Linux, ina ta yi wa abokai burga. Kalmar sirrin da na sa sunan unguwarmu ce da shekarar haihuwata, na ce gobe zan canja. Ba a yi sati ba na tarar wasu suna haƙar kuɗin kirifto da ita, ni kuma aka turo min lissafi. Wallahi kwana biyu ban gaya wa kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da tarihin nan na kusan shekara 40 ya nuna min shi ne, buɗaɗɗiyar manhaja tana da fifiko na gaske: kowa na iya dubawa, kowa na iya gyarawa, ba sai an jira kamfani ya ga dama ba, kuma tsarin Linux na raba iko ya rage ɓarnar bairos irin na fulash. Amma damar dubawa daban, dubawar daban. Inda aka samu masu kula, ana biyansu ko suna da lokaci, faci yakan fito da wuri. Inda aka bar wa mutum ɗaya gajiyayye, ɓaraka takan shekara 25. A ɓangarenmu kuma, mu masu amfani, abubuwan da suka kayar da mutane daga 1988 zuwa yau ba su canja ba: facin da ba a sa ba, kalmar sirri mai araha ko wadda aka sace, latsa abin da ba a san asalinsa ba, da rashin ajiye kwafi a wani wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane bango yana tsagewa, na Windows da na Linux.

A ƙarshe mun sa wa kwamfutar Baba Linux, amma ba don dalilin ɗan kawuna ba. Dalilin shi ne ta tsufa, sabuwar Windows ba za ta hau kanta ba, tsofaffin kuma an yanka musu wa'adi: XP ta daina samun faci a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, ita ma Windows 10 aka sa mata 14 ga Oktoba 2025. Linux kuwa tana da zubi marasa nauyi da ake ci gaba da yi wa faci. Na buɗe wa yaran ofis wurin shiga marar cikakken iko, na hana soka fulash ɗin baƙi, muka sayi ma'adana biyu na waje, duk Alhamis a kwafe komai, ɗaya ta kwana a gida.

Da na gama ina jiran yabo, Baba ya kalle ni ya ce: "Auta, to in ka koma makaranta, wa zai riƙa duba ta?" Na yi shiru, domin tambayar da Heartbleed da xz suka yi wa duniya ke nan, shi kuwa bai taɓa jin sunansu ba. Muka yi yarjejeniya, farkon kowane wata zan kira Yaya mu sa faci tare ta waya, shi kuma ya gwada buɗe kwafin da aka ajiye don a tabbatar yana aiki. Littafi mai baƙin bango yana nan kan tebur, ban kuma ce a ɗauke shi ba.

Kai ma da kake karanta wannan, akwai wata kwamfuta a shagon babanka ko wayar Umma da kowa ke zaton wani yana kula da ita. Wataƙila kai ne wanin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida mutanen gida.